Takardar Fanya

Ofishinmu bene ne a bayan PZ,
ƙasanmu mai gyaran janareto.
Ƙarfe takwas nake buɗe taga,
in jera fayil bisa ranakun zaman kotu:
Talata gado, Laraba rikicin fili a Hanwa,
Alhamis mutumin da ya ci bashi ya ce kyauta ce.

Ni ce Uwani, sakatariyar Barista Tanimu.
A Malabo aka binne cibiyata,
inda babana ya shekara goma sha tara a kan keken ɗinki.
Sifaniyanci na sha shi kamar kunu,
Turanci kuwa a Kongo na same shi, da gumin goshi.
Don harsunan nan biyu aka ɗauke ni,
amma na farkon bai fi sau uku a shekara ake tada shi ba:
takardar injin niƙa da ta zo daga waje,
ko ta yaron da ƙwallo ta kai Turai, dillali ya cinye shi.

Ran nan wata tsohuwa ta hawo mana,
tana hutawa duk bayan taki uku.
Iya Kande, daga Tukur-Tukur.
Ta kwance bakin zane, ta fito da leda,
cikin leda tsumma,
cikin tsumma takarda mai launin ruwan shayi.
Ta ce, "Marigayi ya yi aikin koko a Fanya.
Ya ce mini akwai gonata a nan ciki.
Jikana zai shiga jami'a. A sayar."

Na karanta. Na sake karantawa.
Babu gona.
Kwantiragin lebura ce, ta shekara biyu:
adda ɗaya, bargo ɗaya,
shinkafa da busasshen kifi duk Asabar,
in ya gudu a kamo shi.
A ƙasa babban yatsansa, shuɗi, ya ɗan goce.

Aikina ba ragi, ba ƙari.
Na juya ta Turanci cikin minti goma,
Turanci ai bai san Iya Kande ba.
Barista ya duba, ya cire tabarau,
ya murza ido ya ce, "Ke za ki faɗa mata."
A nan Hausa ta tsaya mini a maƙoshi,
don a Hausa wannan matar uwata ce,
kuma babu sashe na kaza, sakin layi na kaza,
da zan laɓe a bayansa.

Na faɗa. Har bargon ban ɓoye ba.

Ta yi shiru, janareton ƙasa yana tari.
Can ta ce, "'Yar nan, juya bayanta."

Ajami ne, da tawadar da ta koɗe.
Ni mai shaidar harshe biyu a bango
na tsaya ina kallo kamar tunkiya a bakin kwalta.
Sai da muka kira Sambo masinja,
ya goge hannu a riga, ya matsa kusa da taga:
"Kande, na dasa mangwaro a bayan bariki,
na sa masa sunanki.
Ya kai ƙuguna yanzu."

Ta kama baki, sai dariya,
har hawaye ya bi ta cikin tsagar kumatunta.
"Ka ji maƙaryaci! Ashe bishiya ɗaya ce gonar.
Shekara arba'in ina hana gara cin bishiya ɗaya."

Barista bai karɓi ko sisi ba.
Ya rubuta wa jikan sunan wani abokinsa a Samaru,
ko Allah zai sa a dace.
Ta mayar da takarda cikin tsumma,
tsumma cikin leda,
ta ɗaure da ƙulli biyu, ya fi na ɗazu ƙarfi.

Saura rajistar ofis, dole a cike kowane gurbi.
Sunan mai zuwa: na rubuta.
Abin da ake nema: na daɗe ina tauna murfin biro.
Na sa, mangwaro ɗaya, ƙetaren teku.
Ranar dawowa kuma na bar shi fari,
na ɗauko fayil ɗin Hanwa.